Kawu Ya Hau Keken Burji

Duk wanda ya tashi a Kano zamanin da ake ba da hayar keke a bakin kasuwa ba ya yarda akwai mai koya masa tuƙi. Ni na yi goyon buhun gero a kariya, na ɗauki ƙanne biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, na sha sakin hannu a gaban 'yan mata. Saboda haka da ɗan yayata, mai karatu a Bolzano da ke arewacin Italiya, ya ce zai kai ni yawon keke a kwarin Vinschgau, ya kuma ƙara da cewa, "Amma Kawu, akwai ɗan hawa fa," sai na dube shi sama da ƙasa.

"Kai yaro, tun ba a kai Yaya ɗakin miji ba nake murza feda."

Kwarin nan a takarda Italiya ne, amma a baki Jamusanci ake yi, domin ƙasar Ostiriya ce har zuwa 1919 da aka yanka wa Italiya ita bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Muka hau ƙaramin jirgin ƙasa daga Meran zuwa Mals, layin da aka farfaɗo da shi a 2005, gonakin tuffa dama da hagu sun yi sahu har gindin tsaunuka. A cikin jirgin na fahimci yadda masu hankali ke yi. Mota suke hawa har ƙololuwar mashigar Reschen, mita 1,504, sannan su gangaro wajen kilomita 80 a kan kwalta mai santsi, suna bin kogin Adige, suna tsayawa shan shayi. Na ce wa yaron ai wannan tsari ya yi. Ya ce wannan na tsofaffi ne da 'yan makaranta. Mu keken burji za mu yi, mu bar kwalta mu bi hanyoyin tsakuwa na makiyaya da masu yankan katako, kuma daga ƙasa za mu nufi sama.

A shagon haya aka turo mini abin hawan. Ba kariya, ba madigadi, ba ƙararrawa, kansa a murɗe kamar ƙahon ragon layya, sirdin kuwa faɗinsa bai kai tafin hannuna ba. Mai shagon ya miƙo wani matsattsen gajeren wando mai soso a mazaunai. Na ce a gaya masa ina da jikoki. Na tsaya da wandon shaddata, na cusa ƙafafunsa cikin safa, na dai yarda da hular kwano.

Daga Mals hanya ta miƙe sama ta wani buɗaɗɗen fili, kuma a nan na gamu da mai unguwar wurin, wato iska. Daga arewa take kwararowa ta mashigar, ta daɗe tana yi har bishiyoyin bakin hanya sun karkata kudu sun haƙura. Ta shiga wandona ta cika shi fam. Ina taka feda, numfashi na fita, amma dutsen da na ƙyalla a gefen hanya ya ƙi wucewa. Can sai na ji sallama ta bayana, "Grüß Gott!" Wata tsohuwa ce, kai fari fat, da ɗan kare a kwando, ta wuce ni a zaune daram tana murmushi, ko gumi babu.

"Kawu, nata na lantarki ne."

"To me ya hana ka karɓo mini irinsa?"

"Na tambaye ka, ka ce kai ba mai jego ba ne."

Daga nan ne wata irin sha'awar tarihi ta taso mini, wadda ban taɓa sanin ina da ita ba. Da na hango wani farin gini maƙale a jikin tsauni a saman ƙauyen Burgeis, na sauka na ce sai an yi mini bayani. Gidan sufayen Kirista ne, Marienberg, tun ƙarni na 12. Na nemi ƙarin bayani. Gaba kaɗan ga wasu dunƙulallun gine-ginen kankare a cikin ciyawa, maɓoyar sojoji da aka gina zamanin Mussolini. Na zauna a kan dutse na yi tambayoyi masu zurfi a kan Mussolini. Da yaron ya yi suɓul da baka ya ce Rumawa ma ta nan suka bi, hanyar Via Claudia Augusta da aka kammala zamanin Sarki Claudius wajen shekara ta 46 Miladiyya, sai na kwanta rigingine domin in yi tunani a kan Rumawa.

"Kawu, rana na yi."

"Ilimi ba a yi masa gaggawa."

Da tarihi ya ƙare, sai na koma kallon shanu. Shanun nan jajaye-jajaye ne, kowace da ƙararrawa a wuya, ba makiyayi ba sanda, sai wani siririn zare da aka kewaye su da shi. Na yi mamakin saniyar da zare ke tsarewa. Na sauka, na kai hannu in dafa shi in huta, ashe da lantarki a jikinsa. Salatin da na yi, na tabbata an ji shi a Suwizalan, don iyakar ba nisa. Shanun suka ɗago kai gaba ɗaya, suka dube ni, suka ci gaba da kiwo. Su sun daɗe da sani.

A wata bukkar katako mai sayar da abinci muka yada zango. Ruwan alwala daga wani kwamin itace yake zuba, narkakkiyar ƙanƙara ce daga tsauni, kuma ban taɓa alwala mai sauri irin wannan ba. Abinci kuwa, duk abin da na nuna da yatsa sai yaron ya girgiza kai, don mutanen nan busasshen naman alade da suke kira Speck har cikin curin burodin miya suke sa shi. Na ƙare da cuku, da ruwan tuffa, da wata busasshiyar gurasa mai suna Schüttelbrot wadda ake ajiyewa watanni ba ta lalace ba. Haƙorina na hagu ya san dalili.

Tafkin Reschen dai ya cancanci wahalar, wannan ba zan ɓoye ba. Ruwa shuɗi tsakanin tsaunuka, kuma a cikinsa hasumiyar coci ta ƙarni na 14 tsaye ita kaɗai, rabinta a nutse. A 1950 aka datse ruwan don samar da lantarki, ya cinye ƙauyen Graun da wani ɓangare na Reschen, gidaje sama da 150, mutane da yawa suka bar kwarin. Wanda ya san yadda tafkin Kainji ya shanye tsohon garin Bussa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Wannan karon tsayuwar tawa ta gaskiya ce. Daga kudu kuma ga tsaunin Ortler, mita 3,905, fari tas.

Saura gangara, na ce yanzu yaro zai ga aiki. Na sake keke a kan tsakuwa, iskar da ta wahalar da ni ta koma bayana tana turawa, na wuce yaron ina masa kirari. Birkin da na sani shi ne wanda ake matsewa da hannu duka, a haɗa da jan silifa a ƙasa. Na wannan keken da mai yake aiki, yatsa ɗaya ya ishe shi. Daidai wata kwana ƙafar wandona ta zame daga safa, sarƙa ta cafke ta, na damƙi birki da dukan ƙarfina. Keke ya tsaya cak. Ni ban tsaya ba.

Na sauka a wata makiyaya mai laushi, wadda aka zuba wa takin shanu ba da daɗewa ba. Kwarin nan ruwan samansa wajen milimita 500 ne a shekara, bai kai na Kano ba, shi ya sa manoma ke kafa famfunan feshi masu juyawa a gonaki. Ina kwance ina ƙirga gaɓoɓina, na ji wani cak-cak-cak yana matsowa. Ya zo ya wanke ni, ya wuce, ya zagayo ya ƙara.

Yaron ya iso da gudu, ido a waje.

"Kawu! Keken lafiya? Katina na bari a shagon!"

A jirgin komawa akwai kujeru birjik, amma na zaɓi tsayuwa, na ce tuffa ta fi kyan gani daga tsaye. Fasinjojin da ke kusa da ni suka riƙa komawa can ƙarshen tarago ɗaya bayan ɗaya. Wajen Spondinig yaron ya nuna wani kwari ta taga, ya ce ta can ake hawa mashigar Stelvio, mita 2,757, kwana 48 a jere kowace da lambarta.

"Gobe sai mu gwada, Kawu."

"Gobe ina da Juma'a."

"Kawu, gobe Talata."

"Na sani. Da wuri nake fara shiri."