Latin a Falon Kubwa? To, Ku Gama Dariyar Tukuna

Na ji ku, masu taɓe baki. Wai duk wanda ya zaunar da ɗansa a gida yana koya masa karatun Kiristocin dā, kuɗin makaranta yake gudu. In ma haka ne, wa ya taɓa karɓar takardar kuɗin zango a Abuja bai nemi ruwan sanyi ba?

Ga Baba dattijon ikilisiya can ya ɗaga hannu, wai kayan Turawa ne. Baba, a yi mini aikin gafara. Hawa uku ne karatun: nahawu, manɗiƙi, balaga. Ku je zauren wani malami a Kano ko Katsina ku ce masa daga Amurka aka kawo waɗannan ukun, ku ga kallon da zai bi ku da shi. Augustine kuwa, da masu wannan tsari suke tinƙaho da shi, a Tagaste aka haife shi a 354, cikin Aljeriya ta yau, kuma balaga ya koyar a Kartaj tun kafin ya zama bishop. Dorothy Sayers da ta tayar da zancen a Oxford a 1947, tuni kawai ta yi wa mutanenta kan abin da suka yar.

Farawar ba ta son janareta. Ƙaramin yaro hadda ce abincinsa: Zabura, jadawalin lissafi, labaran tarihi. Littafi Mai Tsarki na Hausa yana nan cikakke tun 1932. Latin fa? Inna ta riga yaro da shafi ɗaya, ta zama malama. Batun lokaci kuma, ku tambayi wanda ke kai yara makaranta ta hanyar Nyanya awa nawa cunkoso yake cinye masa.

Inda gardamarku take da nauyi shi ne doka. Dokar UBE ta 2004 ta wajabta wa iyaye karatun firamare da ƙaramar sakandare, don haka mai hankali zai tuntuɓi hukumar ilimi kafin ya cire yaro daga aji. Takardar shaida kuwa, WAEC da NECO suna karɓar ɗalibai masu zaman kansu.

Amma haɗarin gaske ba ku hango shi ba. Yaro ya kai sha biyu, ya ƙoshi da manɗiƙi, uba ya ce "don na ce", shi kuwa ya rusuna cikin ladabi ya ce, "Baba, wannan ba hujja ba ce."