Nasaba, da Masu Cewa Bahaushen Gwanja Ba Namu Ba Ne

Na san halinku, masu karatu, balle ku Kanawa da ba a faɗa muku magana ku karɓa sai kun juya ta ciki da waje kamar mai sayen atamfa a Kantin Kwari. Ni Bazazzagi ne, kun ga ke nan akwai wasa tsakaninmu, duk abin da na faɗa sai ku haɗiye. Kalma ɗaya na kawo muku yau, wato nasaba, kuma tun ban yi nisa ba na ji wani ya ja tsaki yana cewa ai wannan kalmar 'yan rediyo ce. Gaskiyarka, Malam, a bakinsu aka fi jin ta yanzu. Shinkafa ta yi tsada, sai a ce lamarin ba ya rasa nasaba da faɗuwar naira. Kwamishina ya ajiye aiki, sai a ce abin yana da nasaba da zaɓe mai zuwa. Sun mai da ita mafakar wanda yake son ya yi zargi amma yana tsoron kotu. To amma kalmar ta girmi rediyo da ɗaruruwan shekaru, kuma aikinta na asali ya fi wannan nauyi.

Daga Larabci muka aro ta, muka haɗa abu biyu a cikinta. Na farko jerin iyaye da kakanni, wane ɗan wane jikan wane. Shi ne abin da alƙali yake nufi idan ya ce sai an tabbatar da nasabar yaro kafin a ba shi gado. Na biyu jingina mutum ga gari ko ƙabila ko mazhaba, yadda aka jingina Imamu Buhari ga birnin Buhara, aka jingina Salmanu ga ƙasar Farisa. Mu a Hausa da "ba" muke wannan aikin: Bakano, Bakatsine, Basakkwace, Bagobiri. Don haka nasaba ta fi alaƙa nauyi, ta kuma fi dangantaka shiga zauren malamai. Kana da alaƙa da mai shayin layinku, tunda kullum yana bin ka bashin ƙwai biyu. Kana da dangantaka da surukinka ko kana so ko ba ka so. Amma ba ka cewa kana da nasaba da mai shayi sai in kakanku ɗaya. Haka kuma ana cewa an nasabta littafi ga malami kaza, ma'ana an ce nasa ne, ko da ba a ga ranar da ya riƙe alƙalami ba.

To, Alhaji mai gardama, ga inda za mu saɓa. Kai a wurinka nasaba guda ɗaya ce tak, garin da aka binne cibiyar mutum. Malamanmu na da ba haka suka ɗauke ta ba, jera ta suke yi. Ku Katsinawa da kuke murmushi kuna ganin yau Kanawa ake taɓawa, ku duba sunan Waliyyi Ɗan Masani a littattafai, za ku ga Albarnawi kafin Alkashinawi. Wato mutumin Barno ne ta wajen asali, mutumin Katsina ta wajen zama, kuma ba wanda ya taɓa cewa a cire shi daga waliyyan Katsina. Ku kuma Kanawa, ku zaga cikin ganuwa ku karanta sunayen unguwanninku: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi. Wangarawan da suka zo zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14 daga Mali suka taso. In za a bi ma'auninku, rabin birni sai ya ɗaure kayansa.

Yanzu mu tafi Salaga, a ƙasar Gwanja ta arewacin Ghana. A ƙarni na 19 nan ce babbar kasuwar da ayarin Hausawa ke dosa. Madugu ya taso da jakuna daga Kano ɗauke da turkuɗi da kanwa da fatu, ya bi ta Yawuri da Nikki da Sansanin Mango da Yendi, ya yi watanni a hanya, ya komo da goron da aka ɗauko daga dajin Asante. An kuma sayar da bayi masu yawa a wannan kasuwa, wannan baƙin shafi ne na tarihinta da ba a ɓoye shi. A garin nan Alhaji Umaru ya zauna yana karantarwa. A Kano aka haife shi wajajen 1858, zuriyarsa daga Kabi take, shi ya sa a rubuce ake kiransa Alkabawi, Alkanawi, Assalgawi. Da yaƙin basasar 1892 ya watsa Salaga sai ya koma Kete-Krachi, can ya rasu a 1934, har wasu suna ce masa Umaru Krachi. Ya bar waƙoƙi da rubuce-rubuce cikin Larabci da ajamin Hausa, har Jamusawa irin su Krause da Mischlich sun zauna gabansa suna ɗaukar harshe da tarihi. Gari huɗu ke nan a kan mutum ɗaya. To faɗa mini, Alhaji, wanne za ka goge? Idan ka ce ba Bakano ba ne ka yi asarar ɗaya daga manyan marubutan da Kano ta haifa. Idan ka ce ba mutumin Salaga ba ne, mutanen Ghana za su nuna maka almajiran almajiransa.

Na ji ka, ka jawo karin magana: kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Madalla. Amma goron da aka raba ranar ɗaurin auren kakanka, wa ya kawo shi? Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari da wannan fatauci na Gwanja suka yi suna. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma, da goron Gwanja ya fara tara jari kafin ya shiga gyaɗa, mahaifiyarsa ma a Accra ta zauna. Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa. Ga inda zan ari bakin 'yan rediyo, kuma wannan karon babu tsoron kotu: arzikin da kuke tinƙaho da shi a Kano ba ya rasa nasaba da Gwanja. Ashe wanda ya bar gida wani lokacin shi ke ciyar da gidan.

A Yendi, fadar Ya-Na sarkin Dagwamba, abin ya wuce kasuwa ya shiga harshe. Tun zamanin Na Zangina, wajajen 1700, Musulunci ya samu gindin zama a fadar, fatake da malamai suna ta zuwa. Yau Badagwambe zai gaishe ka da safe ya ce dasiba, kunnenka zai tsinci asuba a ciki. Labari a bakinsa lahabali ne, lafiya kuma alaafee. A Yendi ɗin nan aka binne Babatu, jarumin Zabarmawa da ya addabi arewacin ƙasar da yaƙi da kamun bayi, ya rasu a 1907. Da aka tashi rubuta labarin yaƙe-yaƙensa, wani Malam Abu ya rubuta shi da ajami. Babatu Bazabarme ne, ƙasar ta Dagwamba da Gurunsawa ce, amma alƙalamin da Hausa ya yi magana. Gangara kudu kuma ka ji abin da 'yan Accra da Kumasi ke ci: waakye, wato shinkafa da wake, da tuo zaafi, da koko da koose. Shugabar mata a unguwa ko a jam'iyya magajiya suke ce mata.

Na san makaminku na ƙarshe, kuma Hajiya ce ta zaro shi tana dariya: Hausar Hausawan Ghana ba ta san mace da namiji ba. Haka ne, ranki ya daɗe. Ɗan zango, wato mazaunin unguwar Hausawa a can, zai ce miki "matana ya zo" ko gezau, kuma ɓ da ɗ da ƙ sun sha wuya a bakin da yawansu. Amma mutumin da kakansa ya bar Kano shekara 150 da suka wuce, yana zaune tsakanin Gwanjawa da Asante, ya yi makaranta da Turanci, har yau yana ciniki da wa'azi da zagin ɗansa da Hausa, wannan yabo ya kamace shi. Ke kuma da ke zaune a Nasarawa, 'ya'yanki suna ce miki momi, jimla ɗaya ba ta fita bakinsu sai da Turanci uku a ciki, wa ya fi wani riƙon amana? Basakkwace yana cewa "mi kaka so", Bakano yana masa dariya, amma bai taɓa cewa ba Bahaushe ba ne.

A nan zan ɗan rage wasa, don kalmar nan tana da kaifi. A Bawku, kusa da iyakar Burkina Faso da Togo, inda Kusasi da Mamprusi da Bisa da Mosi ke haɗuwa a kasuwa su yi ciniki da Hausa, rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ya faro tun ƙarshen shekarun 1950, ya ci rayuka da yawa, kuma tushensa tambayar nan ce ta wa ke da nasaba da ƙasa da gadon sarauta. A Yendi ma gaba tsakanin gidan Abudu da gidan Andani, zuriyar kaka ɗaya, ta kai ga kashe Ya-Na Yakubu Andani na biyu a watan Maris na 2002, ba a naɗa sabon sarki ba sai a Janairun 2019. Hausawan zango su ma sun ɗanɗana. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takardu, mutane da yawa da aka haifa a Ghana suka kwashi kaya zuwa garuruwan da a baki kawai suka san su. A 1983 Najeriya ta kori 'yan Ghana ita ma. Ka ga wahalar ɗan zango: can ana ce masa baƙo, ya zo nan kai ma kana ce masa baƙo. Alhali Babban Limamin ƙasar Ghana, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, daga zuriyar Hausawa ya fito, Musulmi da Kirista suna girmama shi.

Don haka ga hukuncina, ku ɗaukaka ƙara in kuna so. Bahaushen Salaga da Yendi da Bawku ɗan Ghana ne cikakke, Bahaushe ne kuma cikakke, yadda Alhaji Umaru ya riƙe Kabi da Kano da Salaga a suna ɗaya ba tare da ɗayansu ta kori 'yar'uwarta ba. Idan kun haɗu da shi a Makka ko a kasuwar goro ta Mariri ya ce muku "matana ya gaishe ku", ku amsa gaisuwar, ku tambayi unguwar da kakansa ya fito, wataƙila bayan gidanku ce. Zumunta a ƙafa take, kuma su sun riga ku takawa.