Rabe-raben Wawaye a Fadojin Agadas

Kalmar "idiot", wadda Ingilishi da Faransanci suka yi tarayya a kanta, ta samo asali ne daga Girkanci, inda take nufin mutumin da ba ya shiga sha'anin jama'a, kafin ta faɗa hannun masana, har a shekarar 1910 Henry Goddard na Amurka ya keɓe ta ga baligin da hankalinsa bai wuce na ɗan shekara biyu ba. A Agadas ta ƙofar lakwal ta shigo, wato makarantar boko, ana furta ta "idiyo", sai dai ba ta samu gindin zama ba, domin mazauna fada, wato dandalin da samari ke haɗuwa shan shayi, ba su yarda a zuba wawaye duka a buhu ɗaya ba.

Dolo a wurinsu shi ne wanda ke biyan kuɗin farko da ɗan kasuwa ya yanka masa, har ya ƙara da godiya. Soko kuwa a aike shi sayen gawayi ya dawo da sukari, gaɓo kuma girman jiki ne ya riga hankali zuwa.

Wanda ya fi cancantar nazari shi ne sakaran Jado. Tun da aka gano zinariya a yankin Jado a 2014 ya sayar da awakin gidansu ya sayi na'urar neman ƙarfe, ya yi watanni yana tono murafan gwangwani, ya dawo da rawani sabo da aljihu wayam. Bai taɓa cewa bai samu ba. Cewa yake yi ya tashi daga ramin ana gobe wani ya tsinci dunƙulen. Dunƙulen nan kuwa girma yake yi da kowane zagayen shayi, a na farko mai ɗaci bai wuce dabino ba, kafin a kai na uku sai da hannu biyu ake nuna shi. Rufe wurin da hukuma ta yi a 2017 ya zame masa rahama, tunda yanzu gwamnati ce ta tsaya tsakaninsa da arziki. Yakan rufe zance da neman rancen jaka biyar na guzurin komawa, kuma abin da ya kamata masu bincike su duba shi ne yadda yake samu, har daga hannun masu rubuta irin wannan bayani.

Akwai wani da fada ba ta yi masa dariya, shi ne direban da ya bi hanyar Dirku sau biyu ya ɗauki kansa ɗan jagora, wato masanin hamada. Yana rage jarkokin ruwa don ya ƙara fasinja, yana ɓallewa daga ayarin motoci don ya riga kowa isa, idan dattijon da ya girma a hamadar Tenere ya ce masa ya saki hanya, direban ne mai jefa masa "idiyo" da iyakar Faransancin da ya sani. Sauran wawayen kansu kaɗai suke cuta, wannan kuwa 'ya'yan mutane ashirin ne a bayan motarsa, kowanne ya rungume sandar da aka kafa masa don kada ya faɗo.