'Yan Sama Jannatin Kan Benci

Duk wanda ya san layinmu ya san bencinmu. Yana nan jingine da bangon shagon mai cajin waya, ƙafarsa ɗaya an tokare ta da bulo, kuma a kansa ake yanke wa sararin samaniya hukunci kullum bayan isha'i. Babu ɗayanmu da ya taɓa taka ko matakalar jirgin sama, akwai ma wanda in mota ta hau gadar sama sai ya runtse ido yana salati, amma zo ka ji mu muna musun wane kumbo ne ya fi wani gudu, sai ka rantse jiya da la'asar muka sauko daga duniyar Mars. An ce inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa. To, mu mun bar ƙasar ma ɗungurungum, mun koma can inda babu mai zuwa ya ƙaryata mu.

Dokarmu ta farko: kada ka kuskura ka ce mana katun muke kallo. Anime ne, na Japan ne, akwai siyasa a ciki, akwai falsafa, akwai mutuwa, kuma za mu tsare ka da wannan laccar har shayinka ya huce. Amma bari Baba ya ɗaga labulen ɗaki ya ce, "Kai, ƙaton gardi da kai, har yanzu katun ɗin nan ne?" Sai ka ji murya ta yi laushi: "E, Baba, yanzu ma zan kashe." Falsafar duk ta bi iska.

To ranar nan ƙanin wani abokinmu, yaron kirki, bai daɗe da gama jarabawar fita sakandare ba, ya zo ya durƙusa ya gaishe mu da sabon memori a hannu. Ya ce, "Yaya, na sararin samaniya nake so, mai faɗa sosai. Wanne zan fara?" Allah sarki! Yaro bai san ya tsokano tsuliyar dodo ba.

Dattijonmu ne ya fara karɓewa, shi da furfura ta soma leƙowa a gemunsa. Ya ce tsohuwar zuma da ita ake magani, duk wanda bai ga Voltron ba, bai ga komai ba. Ya ba da labarin zamanin da sai ƙarfe huɗu na yamma ake buɗe tashar talabijin, yaran layi su cika tsakar gidan mai talabijin ɗaya tilo, kowa ya zaɓi zakinsa cikin zakunan ƙarfe biyar, har a ba hamata iska a kan wa zai zama baƙin zaki. Muka tuna masa cewa Voltron ɗin da ya fito a 1984 kwaskwarima ce Amurkawa suka yi wa wani shirin Japan mai suna GoLion na 1981, suka yanke jini da mace-mace don kada yara su firgita. Ya ce ko ma wa ya yanke, shi dai abin da ya gani ya gani. Muka ce to me ya sa kullum sai dodo ya lakaɗa musu dukan kawo wuƙa kafin su tuna suna da takobi? Ya ce mu yara ne, ba mu san haƙuri ba.

Kafin ya rufe baki, wanda ya tashi a Jidda ya ce shi Grendizer ya sani, wanda ya kalla da Larabci tsantsa, jarumi yana kiran sunan kowane makami da fasaha kamar mai huɗubar Juma'a. Ɗan'uwanmu na Maraɗi ya ce ƙarya ne, Goldorak ne sarkin ƙarfe. Suka kwashe rabin awa, kowa yana lissafa bajintar gwaninsa, jijiyar wuya ta tashi, har sai da aka buɗo hoto a waya. Ashe abu ɗaya ne: shirin Go Nagai ne na 1975, Faransawa suka raɗa masa Goldorak da suka fara nuna shi a 1978. Kana tsammanin kunya ta kama su? Ina! Sai suka koma musun wa ya fi iya raɗa suna tsakanin Balarabe da Bafaranshe.

Daga nan sai Sarkin Gundam ya gyara zama, mu kuwa muka gyara hamma. Shi in ka tambaye shi wanne za ka fara, sai ya nemi takarda da biro. Ya ce a fara da na asali, na 1979, wanda Yoshiyuki Tomino ya shirya, wanda aka tsara zai kai kashi 52 amma aka datse shi a 43 saboda 'yan kallo sun yi ƙaranci, sai daga baya, da aka sake nuna shi kuma 'yan mutum-mutumin roba na haɗawa suka shigo kasuwa a 1980, abin ya zama gagara-badau. Ya zana layi, ya ce wannan zamani ɗaya ne, ga Amuro ga Char mai rufe fuska. Ya zana wani layin, ya ce wannan wata duniyar ce daban, ba ruwanta da waccan. Ya kawo na marayun Mars na 2015, ya kawo na yarinyar Mercury na 2022. Takarda ta koma kamar taswirar rabon gado a gidan mai mata huɗu. Yaro ya ce, "To, Yaya, wanne ke nan?" Ya ce, "Ai ba ka saurara ba ne, bari in sake daga farko."

Nan dai muka taru muka danne shi, domin akwai wuri ɗaya da bakinmu ke zuwa ɗaya, shi ne Cowboy Bebop. Kashi 26 ne cif, na 1998, aikin Shinichiro Watanabe, ga kiɗan Yoko Kanno da ko ba ka san jaz ba sai ka ji ƙafarka tana motsi. Labarin wasu mafarautan masu laifi ne a shekarar 2071, suna yawo daga wannan duniya zuwa waccan suna kamo wanda hukuma ta sa wa lada. Amma in ka lura da kyau, ba harbin ba ne muke yawan tunawa. Abin da ya zauna mana a rai shi ne kashin farko, inda Jet, ɗaya daga cikin mafarautan, ya soya tattasai ya ce da nama ne, ya kira abokin aikinsa Spike ya zo ya ci, Spike ya tona kwano ya tona, babu ko tsoka ɗaya, ashe ladan da suka samo duk ya tafi wajen biyan ɓarnar da Spike ɗin ya yi garin kamun. Ranar da muka ga wannan, kowa ya yi shiru, don babu wanda bai taɓa tona miyar ƙarshen wata yana neman abin da bai saka ba. Mutane suna da kumbo, suna ratsa taurari, amma tukunyarsu irin tamu ce. Da Netflix suka mai da shi na mutane a 2021 kuwa, mun yi Allah wadai tun kafin mu gani, muka kalla a ɓoye kowa a ɗakinsa, da aka soke shi bayan zango ɗaya muka fito muna cewa dama mun faɗa.

Sai kuma babban asirinmu, wanda yau zan fasa ƙwansa, kowa ya yi haƙuri. Akwai Legend of the Galactic Heroes, kashi 110, wanda aka yi ta fitarwa daga 1988 har 1997, daga littattafan Yoshiki Tanaka. Duk cikinmu babu wanda ba ya cewa shi ne gwani na gwanaye, kuma duk cikinmu babu wanda ya wuce kashi na 20. Mun dai san abin da ake faɗa a majalisa: ga Reinhard, saurayi mai farin jini da ya ƙwace daula ya gyara ta da ƙarfin tuwo, ga Yang Wen-li, kwamandan jamhuriyar da 'yan siyasarta suka cinye ta, mutumin da bai ƙi a bar shi ya yi ritaya ba, ya karɓi fanshonsa, ya sha shayinsa, ya karanta tarihi. Daga nan hira kan zame ta koma wanne ya fi, mai mulkin kama-karya adali ko zaɓaɓɓe ɓarawo, kafin ka ankara an baro sararin samaniya an dawo kan mulkin soja da na farar hula, har dattijonmu ya fara "ai a zamaninmu". Wadda ta gama kallon shirin tas ƙanwar ɗaya daga cikinmu ce, tana tsinkar zogale waya na jingine da turmi, ba ta taɓa zama a benci ba, ba ta taɓa yi wa kowa lacca ba. In musu ya yi tsami sai a tura yayanta cikin gida ya tambayo ta, ya dawo ya faɗi amsar kamar daga kansa ta fito. Mu ma mu gyaɗa kai kamar ba mu san inda ya je ba.

Kuma mu ɗin nan da muke cewa kashi 110 ya yi yawa, data ta yi tsada, mu ne muka haɗiye Naruto Shippuden mai kashi 500 ba mu ko sha ruwa ba, muna kuma bin One Piece da ya haura dubu kamar masu biyan bashi. Mu ne muka zauna kallon wani shirin, mugun cikinsa Frieza ya ce saura minti biyar duniyar Namek ta tarwatse, minti biyar ɗin nan ya ci kusan kashi goma, ba wanda ya ce uffan. Ai mun saba: irin minti biyar ɗin tela ne ana gobe sallah. Akwai ɗan kimiyyarmu ma, mai tsayar da kallo ya ce a sama babu iska, saboda haka bai kamata a ji ƙarar fashewa ba. Gaskiyarsa ce. Amma shi ɗin ne dai in gashin jarumin nan Goku ya rikiɗe ya koma ruwan zinare saboda tsabar fushi, yake miƙewa tsaye yana tafi. Laifi tudu ne.

Don mu rufe masa baki muka ba shi Planetes na 2003, inda ba dodo, ba sarki, sai ma'aikatan da aikinsu tsintar tarkacen da ke kewaya duniya a shekarar 2075, domin ko noti ɗaya ne, in yana gudun kilomita bakwai da wani abu a daƙiƙa, ya isa ya huda jirgi. Ofishinsu yana can ƙasan kamfani, an ba su rabin ma'aikata da rabin kasafi, kowa yana raina su. Da ya gama ya dawo ya ce wallahi tun daga ranar ya daina yi wa 'yan jari-bola kallon banza.

Ba mu kuma iya riƙe sirri. Kowa zai rantse ba ya ɓata wa mutum kallo, sannan ya dafa kafaɗarka ya ce, "Ƙanena, ka nemi Gurren Lagann na 2007, kashi 27 ne, daga rami aka fara, aka ƙare ana jifa da taurari. Ba zan gaya maka komai ba, amma dai kada ka shaƙu da mai tabaraun nan, kuma in ka zo kashi na 8 ka kulle ƙofa." To me ya rage? Haka muke da batun murya: a majalisa dole sai da Japananci da fassara a ƙasan allo, wai shi ne asali, har muna kwaikwayon kalmomi uku da muka haddace, a ɗaki kuwa, in tuwo ya zo kuma ido ba zai iya bin rubutu da loma a lokaci ɗaya ba, sai a lallaɓa a koma na Turanci.

Duk wannan abin mai caji yana jin mu ta taga, yana liƙa wa wayoyi lamba. Shi bai taɓa kallon ko ɗaya ba, amma ya ji labarin kowanne sau goma. Sai ya leƙo ya ce, "Ni fa samarin nan kuna ba ni mamaki. Duk gwanayen da kuke yabo, daga wanda ba nama a miyarsa, sai mai jiran fansho, sai ɗan jari-bola. To me ya kai ku sama? Ai duk ga su nan a layin nan, ko data ba sai kun saya ba." Aka yi tsit. Sarkin Gundam ya buɗe baki zai kawo hujja, aka ɗauke wuta, kowa ya ga dama ta samu, sai da safe, sai da safe.

Yaro ya tafi da sunaye sun fi ashirin a bayan takardar rabon gadon nan. Washegari ya je wurin mai tura finafinai, aka duba kwamfuta, cikin ashirin ɗin guda ɗaya kawai aka samu, shi aka zuba masa, ya biya ya tafi. Dama kullum haka ake yi: mu mu yi shari'a har tsakar dare, mai turawa ya zartar da abin da ke hannunsa.

Bayan sati biyu sai ga shi ya dawo, ya sha aski, har tafiyarsa ta canza. Muna zaune wani abokinsa ya matso ya ce shi ma yana so ya fara, wanne ya fi? Kafin wani babba ya yi magana, yaron nan ya ɗaga hannu, ya yi gyaran murya, ya ce, "Kai dai ka nemi mai kashi 110 ɗin nan. Duk duniya babu kamarsa."

Na ce, "Ƙanena, ka kai kashi na nawa?"

Ya sosa ƙeya ya ce, "Yaya, ai ba a samu a wurin mai turawa ba."

Muka kalli juna. Dattijonmu ya tattare babbar rigarsa ya matsa gefe, muka gyara bulon da ke ƙarƙashin benci, aka ce masa bismilla, ya zauna.