Yadda Za Ka Karɓo Kuɗinka Daga Hannun Mai Girkin Biki

An ɗaura aure, an watse, amarya ta tare. Saura kai da rashin barci, domin Hajiyar da ka ba kwangilar abincin mutum 300 ta kawo abin da bai ishi abokan ango ba, shi ma sai bayan la'asar, lokacin da baƙin Maiyama suka riga suka shiga mota. Ga matakan da za ka bi.

1. Tanadi hujja kafin a cinye ta. Babbar matsalar wannan shari'a ita ce shaidunka su ne suka haɗiye hujjar. Wanda ya fi kowa ihun cewa shinkafar ta caɓe, roba uku ya tashi da su, ya sa ta huɗu cikin babbar riga. Don haka da kula ta iso, ɗauki hotonta kafin a buɗe wa jama'a. In ka ga nama a ciki, ɗauki nasa daban, don ba lalle ka sake ganin wani ba.

2. Binciki asalin Hajiyar. Tsakanin Jega, Aliero da Maiyama, da wuya ka yi rigima da mutum a kwana biyu ba a gano ɗan'uwanka ne ba. Tambayi tsofaffin gida tukuna. In ta tabbata ƙanwar kishiyar gwaggon amarya ce, rufe bakinka, ka ɗauka gudunmawa ka bayar.

3. Je gidanta da hantsi, kuma kada ka ci komai. Za ta shimfiɗa maka tabarma, ta tambayi amarya da gajiyar biki, ta sa a kawo waina mai zafi da miyar taushe. A nan ne za ka gane ashe ta iya girki. Amma da ka kai loma ɗaya, magana ta mutu, domin bakin da ya ci shi ke godiya.

4. Shirya wa uzuri. Za ta ce: "Alhaji, ai ka san albasa ta yi tsada." Tuna mata cewa Aliero ce ke loda wa motocin Kudu albasa. Za ta koma kan shinkafa. Tuna mata cewa a Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a 2015, kuma daga jiharmu ta Kebbi aka riƙa kai wa Legas Lake Rice. Za ta ce zafi ne ya sa zoɓo ya yi tsami, 'yan NEPA kuma suka ɗauke wuta. Wannan kam ka yi shiru, gaskiyarta ce. Daga ƙarshe za ta ce: "Haka Allah ya ƙaddara." Ka amsa da cewa ka yi imani da ƙaddara, kana kuma fatan an ƙaddara maka rabin kuɗinka.

5. Kai ƙara wurin mai unguwa. Za a tara dattawa, a yi addu'a, a saurari kowa. Hukuncin kuwa sananne ne: ita ta ba da haƙuri, kai ka yi haƙuri. Za a yi maka alkawarin ragi a bikin ɗiyarka ta gaba, wadda yanzu take aji biyu na firamare. Kuɗin goron zaman kuma daga aljihunka.

6. In zuciya ta ƙi kwanciya, akwai hukuma. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba wanda aka yi wa aiki marar kyau damar neman a gyara ko a mayar masa da wani kaso na kuɗinsa. Kotun shari'a ma tana nan. Sai dai alƙali zai tambaye ka takarda ko shaidu. Takarda babu, domin ka ji kunyar nema. Shaidu kuwa, duba mataki na 1. Ka kuma sani, kafin ka dawo gida labari ya zaga kasuwar Jega cewa uban amarya ya kai mace kotu a kan tsokar kaza.

7. Yi lissafi. Haɗa kuɗin mai, da goro, da kwanakin da ka rufe shago. Sau da yawa za ka tarar bin kuɗin ya fi kuɗin tsada. Masu ɗorin Aliero sun shahara wajen haɗa ƙashin da ya karye, amma ba a taɓa jin sun ɗora zumuncin da kuɗi ya karya ba.

Maganin dai tun kafin a hura wuta yake. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu. Ku rubuta yawan robobi, da girman nama, da ƙarfe nawa abinci zai iso, ku sa hannu gaban mutum biyu waɗanda ba mayunwata ba. Ba da rabi kafin alƙalami, ka riƙe rabi har sai baƙon ƙarshe ya wanke hannu. Wanda ya biya duka tun farko saboda kunya, to ya ci gaba da jin kunyar, ya bar Hajiya ta huta.