Masu Ɓata Hoto a Bakin Rumfa

Duk ɗaurin auren da aka yi a Tambuwal ko Dogon Daji ko Jabo, ko walimar saukar karatu a Kebbe, kafin a naɗe tabarmi hotunan taron sun riga baƙi isa gida ta WhatsApp. Akasarinsu kuwa, in za a faɗi gaskiya, ba su ganuwa. Ango ya fito baƙi ƙirin sai haƙora, waliyyin amarya ba a ganin idonsa, liman an kama shi baki buɗe yana tsakiyar huɗuba. Da an yi magana sai mai hoton ya ɗora wa waya laifi, wai ƙaramar Itel ce, da iPhone ce da an ga aiki. Ni a ganina laifin wayar kaɗan ne. Abin da ke ɓata hoto a taron fili hali ne: inda mutum ya tsaya, lokacin da ya latsa, da irin matsayin da ya ba mutanen da ke gabansa. Halayen nan kuma suna da masu su, kowane taro sai an gan su.

Shugabansu shi ne Sarkin Rana. Wannan bawan Allah ya yi imani cewa yawan haske shi ne kyawun hoto, don haka da an shafa fatiha sai ya fito da dattawa daga inuwa ya jera su a tsakar fili yana cewa, "Ku matso nan, nan ad da haske." Matsalar ita ce yawancin ɗaurin aure da hantsi ake yi ko bayan saukowa daga Juma'a, lokacin da rana take bisa kai. A yankin Tambuwal da Kebbe, wajen ƙarshen Afrilu da kuma cikin Agusta, rana takan tsaya cak a tsakiyar sama da tsakar rana har inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa. Hasken da ke saukowa daga sama ba ya shiga kwarmin ido, inuwar goshi da ta rawani ce ke cika shi, ga kowa ya yamutse fuska don zafi. Sannan a ƙara da farar shadda. Kamara tana auna hasken duk abin da ta gani ne ta nemi matsakaici, to in manyan riguna farare suka cika mata ido sai ta rage hasken gaba ɗaya, rigar ta fito tas har aikin wuya, fuskar mai rigar ta nutse. Maganin ba ya cin ko sisi. A kai mutane cikakkiyar inuwa, ta katanga ko ta bakin zaure, su fuskanci fili, mai hoto ya taɓa fuskar mutum a allon waya don ta san abin da ake nema. Sai dai Sarkin Rana yana da ƙane, wanda ya ji an ce inuwa sai ya nufi gindin dogon yaro, inda rana ke ratsa ganye ta yi wa fuskoki dabbare-dabbare, ko ƙarƙashin jar rumfar haya, wadda ke rina kowa ja.

Mai ɗora wa waya laifi zai ce ai na'ura ma tana da nata son kai, kuma yana da gaskiya. Shekaru da dama kamfanin Kodak yana daidaita launin hotunansa da katin gwaji mai ɗauke da hoton Baturiya, baƙar fata kuwa ko oho. Wannan giɓin ne kamfanin Transsion, mai Tecno da Itel da Infinix, ya lura da shi ya gyara kamarorinsa don fatar mutanen Afirka, kuma yana cikin abin da ya sa ya mamaye kasuwanninmu. Google ma sai a 2021 ya fito da irin nasa gyaran a wayar Pixel 6. Amma hujjar nan kan mai ita take komawa, tunda wayar da ke aljihun yawancin masu zuwa biki a Sanyinna ko Kuchi ita ce wadda aka gyara dominsu. Kuma Seydou Keïta, wanda ya buɗe gidan hotonsa a Bamako a 1948, a tsakar gida ya yi mafi yawan aikinsa da hasken rana da zane a bango, hotunansa kuwa yau suna rataye a manyan gidajen adana zane na duniya. Abin da ya fi Sarkin Rana da shi shi ne ya san inda zai zaunar da mutum.

Sai tagwaye biyu da ba su taɓa jituwa ba. Na farko Mai Zuƙowa, wanda kunya ko ƙiwa ta hana shi matsowa, ya tsaya can bayan motoci yana ware yatsu biyu a allo. A ƙananan wayoyi zuƙowar nan yanka hoton kawai take yi ta kumbura shi, sai a samu wani abu dishi-dishi da ake rantsuwa ango ne. Na biyu Mai Cusa Waya, wanda sai ya kusa taɓa hancin mutum. Idon kamarar waya mai faɗin gani ne, abin da ya fi kusa da shi yakan ƙara girma, shi ya sa hanci ke cinye fuska, waɗanda ke gefen layi kuma su baje. Taku uku ko huɗu ya raba gardamarsu. Dukansu biyu kuma ba su taɓa goge idon kamarar da bakin riga ba, alhali wayar ta sha maiƙon soyayyen nama da ƙurar hanya.

A gaban kamara ma akwai jama'a. Ɗan Raɓe ba ruwansa da ango, shi babban baƙo ya zo nema. Mazaɓar Kebbe da Tambuwal ta fitar da Kakakin Majalisar Wakilai daga 2011 zuwa 2015, wanda ya zama gwamnan Sakkwato har 2023, saboda haka ba a buƙatar koya wa kowa a nan darajar hoto da manya. Ɗan Raɓe yana da ilimin kafaɗa: yakan shigo da ita a hankali ta bayan hakimi ko ɗan majalisa, yana "ranka shi daɗe" ƙasa-ƙasa, har a latsa. Gobe ya yanke sauran mutane ya bar su biyu. Ba a korarsa, don wani lokaci kawun amarya ne. Dabara ita ce a yi masa nasa hoton tun da wuri ya samu natsuwa, sannan a ɗauki na iyali.

Mai Tsare Gida ya fi shi ban sha'awa. Yanzun nan yake ƙyaƙyata dariya da abokan wasansa, da an ɗaga waya sai ya haɗe rai, ya ƙame, hannuwa a gefe. Masu koyar da hoto na zamani za su ce a sa shi murmushi, a ɗauke shi bai shirya ba. A nan ban bi su ba. Dattijon da ya sha rawani ya zauna a gaban jama'a yana so jikokinsa su gan shi da kwarjininsa, kuma wannan haƙƙinsa ne. Kuskuren shi ne a tsaya a wannan hoton kaɗai. Malick Sidibé, wanda ya yi suna da hotunan shagulgulan matasan Bamako har aka ba shi babbar lambar yabo ta Venice a 2007, yakan daɗe cikin taro har mutane su saba da shi su daina lura da kamararsa. A ba dattijo hotonsa na girma, sannan a yi haƙuri kaɗan ba a sauke hannu ba. Da ya ɗauka an gama, wani taubashi zai jefo masa magana, fuskar da iyalinsa suka sani ta dawo.

Ɓangaren mata yana da Hajiya Mu Gani, wadda ba a latsawa sau biyu ba ta karɓi wayar ba. "Wanga bai yi ba, goge shi." Ana yi mata dariya, amma sau da yawa ta fi mai hoton ido, don ita ce ke lura cewa an ɗauko ta daga ƙasa ko ɗaurin ɗankwalin ya karkace. Wanda ya cancanci tsiya shi ne Mai Wanke Fuska, da ke kunna manhajar ƙara haske har amarya ta fito fara sol, babu zanen fata, babu kama, dangin ango su duba su ce ba ita aka kawo musu ba. Lallen da aka yini ana zanawa ma sai ya dushe.

Mafi muni a cikinsu shi ne Mai Kama Loma. Shi gwanin hoton bazata ne, wai ya fi nuna gaskiya. Gaskiyar tasa ita ce malami da waina a baki, ko matan aure suna rawa a wurin kamu, cikin gida, inda suka saki jiki don sun san babu baƙon ido. Kafin la'asar ya watsa a Facebook da TikTok. In aka ce ai hoton da ba a shirya ba ya fi rai, haka ne, amma akwai bambanci tsakanin wanda ya san kana ɗauka ya manta da kai da wanda ka yi wa sata. Ko ta fuskar sana'a ma asara ce, domin taron da aka gane akwai irinsa kowa sai ya koma Mai Tsare Gida, mata su ja mayafi, a rasa hoton kirki ko ɗaya.

Akwai ƙorafi na ƙarshe mai ƙarfi: ba don mai hoto ake biki ba, ba kuwa za a ɗaga ɗaurin aure don rana ta yi sanyi ba. Babu musu. Sai dai biki yini ne, kuma tsakanin la'asar sakaliya da magariba rana takan kwanta ta haska fuska daga gefe, launin atamfa da na fata su fito yadda suke. A watannin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo ma yakan tace hasken ya tausasa shi. Hoton shaida a ɗauke shi a lokacinsa, a inuwa. Na ajiyewa a jira yamma, kafin 'yan nesa su kama hanyar Jega ko Sakkwato. Wanda bai taɓa yarda da wannan ba shi ne Mai Tuna Baya, da ba ya tunawa da hoton iyali sai an idar da magariba. Ya tara mutum talatin, ya ja da baya don su shiga duka, ya kunna filasha wadda haskenta bai wuce mita biyu zuwa uku ba. Abin da ke fitowa shi ne ƙurar da ke yawo a iska, da kujerar roba ta gaba, da idanun wata akuya. Galibi kuma mai hoton babban wan ango ne, babu mai iya ce masa a sake.