Mai Ƙofa Biyu a Hanyar Kebbe

Tun 1970 Japanawa suka fara ƙera Toyota Celica, motar saurayi da budurwarsa: ƙofa biyu, ciki na shafar kwalta. A Turai, in an farfaɗo da tsohuwarta, har gajerun sifirin ake sa mata don ta ƙara durƙusawa.

Saurayin Tambuwal ma ya ce ba za a bar shi a baya ba. Ya sayo 'yar Kwatano, ya fesa jan fenti, ya rage mata tsawo, ya nufi ɗaurin aure a Kebbe. Ramin farko ya karɓe salansa, na biyu ya karɓe bamba.

Bakanike ya leƙa ƙarƙashi, ya girgiza kai: "Alhaji ƙarami, ai wannan rarrafe take yi." Sai ya zaro sifirin ɗin tsohuwar Peugeot 504, haɗin Kaduna, ya cusa mata.

Yanzu gudu ya ragu, amma buhun gero biyu na shiga but, kawu da ragonsa suna kujerar baya. Matsala ɗaya ta rage: duk lokacin da kawu zai kama ruwa, sai na gaba ya sauka ya kwantar da kujera.